Maki Biyu da Gangar Sakiusa

Rusiate ya ba waƙar Kelera maki biyu cikin biyar, ita kuma ta tashi daga aiki ta tako har rumfarsa ta tambaye shi dalili.

Gasa ce ta intanet, wata-wata ake yin ta. Kowa a ba shi manhajar sinti iri ɗaya, wato na'urar cikin kwamfuta da ake murɗa maɓallanta ta fitar da sauti. Da ita kaɗai za ka yi kiɗanka. Ba murya, ba sautin da aka naɗo daga waje. In an gama, masu gasar ne ke ba juna maki. Mutum ɗari da wani abu ke shiga daga ƙasashe barkatai, kowa da sunan aro. Daga Fiji su uku ne, biyu a nan Levuka. Kelera ta gane shi ne ta hoton injin kwalekwalen da ya sa a shafinsa.

Ta same shi ya kwance wani injin, hannu duk baƙin mai. Ita kuma tana cikin farin takalmin roba na kamfanin gwangwanin kifi, awa tara a tsaye, ƙarni bai bar jikinta ba.

"Kai ne ka rubuta min cewa waƙar da daɗi, amma sautin kamar motar mai tallar askirim?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Ashe ke ce. Na ɗauka wata Baturiya ce ta liƙa tutarmu don ado."

"To da Baturiya ce sai ta cancanci biyu?"

"Sautukan da suka zo da manhajar kika kwasa. Ko maɓalli ɗaya ba ki murɗa ba. Gasar ƙera sauti ce."

"Gasar kiɗa ce. Na saurari naka. Minti huɗu na iska da gurnani. Wa zai rera wannan yana wanke-wanke?"

"Nawa kika ba ni?"

"Uku. Tausayinka na ji."

Ya yi dariya, ya goge mata benci da gefen rigarsa. Ta zauna, ba don ta huce ba, ƙafafunta ne suka gaji. Ya zuba mata shayi daga filas, ya gutsura mata burodi. Ta cinye ba godiya.

Da yamma saƙo ya shigo wayarsa: "Maki Biyu, shayinka ba sukari, kamar kiɗanka."

Ya mayar mata: "Ki dawo gobe ki koya min zubawa, Mai Gwangwani."

Ta dawo.

Wata bakwai suna zama kan katangar bakin teku in ta tashi aiki, kwamfuta a cinyarsa, kowa da kunne ɗaya na abin sauraro. Yana nuna mata yadda ake kaurara sauti, yadda ake sa shi ya mutu a hankali. Tana rera masa layi ɗaya ta ce ya maimaita, sai ya ɓata. Musunsu ɗaya ne kullum. Ita ta ce waƙa ce mutum, sauti riga ne. Shi ya ce ba a taɓa jin waƙa tsirara ba. Wani lokaci barci ya kwashe ta a kafaɗarsa tun musun bai ƙare ba, ya zauna ba motsi har hannunsa ya mutu.

A gasar dai ba su ci komai ba. Ita ta sittin, shi na saba'in, wani watan su yi musaya.

Wata rana ta rubuta masa: "Na gaji, Rusi. Kifi da safe, kwamfuta da yamma, wasu a Jamus su ba ni biyu. Me ya sa muke yi?"

Ya ce: "Ni na san dalilina. Ƙarfe huɗu yake tashi daga aiki."

"Bakinka ya fi injinka mai."

"Zan turo kawuna gidanku, Waƙata."

"Ka bari tukuna. Ba ka san Baba ba."

Duk Levuka an san Sakiusa, uban Kelera. Shekara talatin da huɗu shi ke buga lali, gangar icen da ke kiran mutane coci, wadda ubansa ya sassaƙa. Ba ya magana sau biyu. Da Kelera ta ambaci Rusiate, bai ko ajiye cokalinsa ba.

"Yaron da ke toshe kunne yana kaɗa kai shi kaɗai? Ya iya rera waƙa?"

"Bai iya ba, Baba."

"Yana buga wani abu da hannunsa?"

"Ƙera sauti yake yi."

"Allah ne ke ƙera sauti. Ga Penioni nan."

Penioni ɗan shugaban mawaƙan coci ne, yana aikin ofis a Suva, babban birnin ƙasar, murya gare shi mai sa tsofaffin mata hawaye. Shi ne na ukun 'yan Fiji a gasar, kuma kullum cikin goman farko yake. Duk ƙarshen wata ya biyo jirgin ruwa ya zo da kwalin kek, ya zauna kan tabarmar Sakiusa yana tambayar ciwon gwiwarsa. Kelera ta zuba masa shayi ta shige ɗaki.

Rusiate bai iya zance da manya ba. Abin da ya iya shi ya yi. Lahadi uku a jere ya tsaya daga bayan rumfar lali, waya a hannu, Sakiusa na bugawa. Sauran ranakun ya rufe rumfarsa da wuri. Ya rame. Bai gaya wa Kelera komai ba, so yake ya ba ta mamaki, ya kuma ba tsohon.

Da aka saki waƙoƙin watan, ta danna tasa a hutun rana, tana tsaye bayan kamfani. Gangar ubanta ta ji, ita sak, har da 'yar karkarwar da ke biyo bayan bugu na uku. A kanta kuma ga wata 'yar waƙa mai ɗingishi, ta farko da ya taɓa shiryawa da kansa. Cikin kwana biyu Turawa suka yi ta rubuta masa yabo. Aka fara cewa shi zai ci.

A rana ta uku Penioni ya rubuta a dandalin gasar: "Na san wannan gangar, a cocin garinmu take. Naɗo ta aka yi." Masu shirya gasar suka dakatar da waƙar. Ranar Asabar kuma ya iso da kek ɗinsa, ya kunna wa Sakiusa a waya, yana kiransa Momo, wato kawu, don girmamawa.

"Ka ji, Momo? Gangar Allah ce aka sace a ɓoye, aka kai wa baƙi suna ba ta maki."

Sakiusa ya saurara har ƙarshe. Ya kira 'yarsa.

"Kada yaron nan ya ƙara taka ƙofar gidana."

Kelera ta same shi a katanga. Ba ta zauna ba.

"Rusi, na gan ka ranar Lahadi da waya a hannu."

"Rubutu nake yi. Tsawon kowane bugu, da inda yake mutuwa."

"Ka gaya min gaskiya. In ka naɗa, zan san yadda zan yi da Baba. Ka naɗa?"

Ya rufe kwamfutar a hankali.

"Wata bakwai kina zaune kusa da ni. Har yanzu a wurinki wasa da maɓalli nake yi. In abu ya yi kyau, to sato shi na yi."

"Ba haka na ce ba."

"Haka kika tambaya."

Ya sauka ya tafi. Ba ta bi shi ba, ba ta da ƙarfin bin kowa.

Kwana goma sha ɗaya ba saƙo. Ita tana yanka kifi har ta yanke yatsa. Shi ya haɗa injin wani masunci ya manta da zuba mai. Penioni kuma ya fara zancen ranar da danginsa za su zo.

A rana ta goma sha biyu ta sake saurarar waƙar, wannan karon da kunne biyu, kamar yadda ya koya mata. Sannan ta rubuta: "Babu kukan zakara, babu ƙarar janaretan gari. Ba a naɗar komai a Levuka ba da janareta ba. Na ji yanzu. Ka yafe min, Maki Biyu."

Ya amsa: "Kunnenki ya buɗe. Babanki yana gida ranar Asabar?"

Bayan abincin rana ya zo, sanye da zanen maza, ƙunshin saiwar yangona, wadda ake dakawa a jiƙa a sha a taro, a hannu ɗaya, kwamfuta a ɗayan. Ya cire takalmi, ya zauna daga bakin ƙofa, kansa ƙasa. A wurinmu ba a korar mutumin da ya shigo da yangona sai an ji ta bakinsa. Sakiusa ya tafa kamar yadda al'ada take, ya karɓa, fuska a ɗaure. Penioni na gefensa.

"Baba, ban naɗi gangarka ba. Ka ba ni izini in ƙera ta a gabanka, daga babu."

"Yi."

Ya goge komai a manhajar har ta koma tana tsiwa ɗaya kamar sauro. Kelera ta tsaya bakin labule tana ɗaukar hoton bidiyo. Ya murɗa, ya rage, ya ƙara. Sauron ya koma ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙofar ta koma turmi. Zafi ake yi, gumi na ɗiga daga haɓarsa, rabin awa ta wuce. Penioni ya yi hamma da ƙarfi.

"Momo, zai kwana yana neman ta."

"Yi min shiru," in ji Sakiusa. Ya juya ga Rusiate. "Ya yi sama. Sauke shi."

Rusiate ya sauke.

"Ƙara. Icen vesi ne, ba kwalin kek ba."

Ya ƙara.

"Akwai tsaga a gefen hagu tun babbar guguwa. Ina take?"

"Ga ta nan zuwa, Baba. Ita nake sawa a ƙarshe."

Ya taɓa wani ƙaramin maɓalli, karkarwar ta fito. Tsohon ya rufe ido. Ya matso har gwiwarsa ta taɓa ta yaron, ya sa yatsa ya danna da kansa, sau uku, yadda yake kiran mutane addu'ar safe. Daga gidan maƙwabta wata tsohuwa ta ɗaga murya tana tambayar ko wani ya mutu ne, tunda ba lokacin addu'a ba ne.

Sakiusa ya buɗe ido.

"Shekara talatin da huɗu, ba wanda ya taɓa jin tsagar nan sai ni. Ɓarawo ba ya saurare haka." Ya dubi Penioni. "Jirgin yamma bai tashi ba tukuna."

Penioni ya tashi. Ya bar kek ɗin.

"Amma waƙar da ka ɗora a kai," in ji tsohon, "ba ta da daɗi ko kaɗan."

"Na sani, Baba."

"'Yata ta iya waƙa. Kayan kiɗanta ne kamar motar askirim."

Kelera ta kusa yar da wayar.

"Baba! Kai ma?"

"Ina da kunne. Na yi shiru ne don ke ce." Ya miƙa wa Rusiate ƙoƙon yangona. "Ka gaya wa kawunka ya zo."

Ta aika wa masu shirya gasar bidiyon. Suka ba da haƙuri, suka maido da waƙar, amma an riga an rufe ba da maki. Na arba'in da ɗaya ya zo. Ya dubi lambar, ya ɗaga kafaɗa.

"Ka ji haushi?" ta tambaye shi a katanga.

"Na gaji dai. Ki ara min kafaɗarki, yau layina ne."

Kawun ya zo da tabua, haƙorin babban kifin teku da ake neman aure da shi. Aka karɓa. Aka sa rana cikin watan Yuli. Mata suka yi mako shida suna saƙa tabarmi, maza suka haƙa ramin gashi, aka binne rogo da gwaza da kifi cikin ganyen ayaba. Kelera ta shirya waƙar shiga coci, Rusiate ya ƙera mata kowane sauti, suka yi faɗa sau huɗu kafin ta kammala. Ba su kai ta gasa ba, doka ta ce mutum ɗaya waƙa ɗaya.

Ranar auren Sakiusa ya hana kowa taɓa sandunan buga lali. Da aka fito daga coci, amarya da ango naɗe cikin farin masi, zanen ɓawon itace, tsofaffi suna shafa musu hoda a kumatu suna cewa Allah ya zaunar da su lafiya, Allah ya cika musu gida, shi ya wuce rumfar lali duk da gwiwarsa. Kelera ta jingina da mijinta, ƙafafunta na ciwo kamar kullum, tana murmushi.

"Nawa ka ba ni yau?" ta raɗa masa.

"Biyar, Waƙata. Ba su da shida."

Ya ja ta suka ƙarasa wurin tsohon. Ya zaro waya daga cikin masin, ya durƙusa.

"Baba, yau ɗaya dai, da izininka. Ka bari in naɗa ta gaskiyar, in ajiye wa jikokinka."

Sakiusa ya ɗora masa hannu a ka, ya ɗora wa 'yarsa. Sannan ya ɗauki sandunan.

"Ku haife su, ku kawo su nan su ji da kunnensu. Mayar da wayarka. Ba za ka naɗa ba."