Baitin da Babu Shi a Littafi

Wata biyu kacal da rasuwar mijinta aka watso mata kayanta tsakar gida, akwati ya buɗe, zannuwanta suka zube kusa da kwata, maƙwabta suna leƙe ta kan katanga. Mijin nata mawaƙin zamani ne, shi ne muryar wata ƙungiyar makaɗa da waƙoƙinsu suka cika motocin haya da shagunan aski. Bai kai ga fitar da waƙarsa ta ƙarshe ba ciwo ya kwantar da shi. Kwatsam sai ga waƙar a rediyo, a bakin wani sabon mawaƙi! Yayan marigayi, mai riƙe da makullin situdiyon da suke ɗaukar waƙa, ya rantse ya kuma rantsewa cewa ita ta sayar, tunda littafin waƙoƙin marigayi yana hannunta.

Ta durƙusa gaban surukarta tana kuka. "Inna, wallahi tun da ya rasu ban iya buɗe littafin nan ba... ko rubutunsa ba na iya kallo."

"Rufe min baki," in ji Inna. "Ki tafi da littafinki, amma jikata tana nan. Ba zan bari ta tashi a hannun wadda ta sayar da muryar ubanta ba."

Haka ta fita, 'yarta mai shekara biyar tana ihu a bayan ƙyaure. Makaɗan ƙungiyar suna tsaye a ƙofar gida, ƙarti huɗu da suka sha cin girkinta har suna neman ƙari, amma kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Wahala kuwa ta bi ta kamar ta san adireshinta. Ta sami wanke-wanke a wani gidan abinci, kwana uku wani ya gane ta, aka sallame ta. Da ƙyar wani mai shagon guga ya ɗauke ta, ya ajiye ta can ciki bayan labule, inda kwastoma ba zai gan ta ba. Duk lokacin da rediyon shagon ya sako tsofaffin waƙoƙin mijinta sai hawaye ya ɗiga kan rigar mutane, ta bi da dutsen guga ta busar. In kuwa waƙar da aka sace ce, kafin a fara baiti ta fice ta toshe kunnuwa. Sau ɗaya ta je bakin makarantar 'yarta, yarinyar ta matso jikin shingen waya ta ce, "Umma, Baffa ya ce ke ɓarauniya ce." Kunya ta hana ta sake bin hanyar.

Da shekara ta zagayo aka shirya taron tunawa da marigayi. Mai gangar ƙungiyar ya kawo rigunansu guga, iska ta ɗaga labule, suka yi ido huɗu da ita. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ita ce ma ta fara gaishe shi, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya.

"Anti..." ya ce. "Kin taɓa sauraron waƙar nan har ƙarshe?"

Ta girgiza kai.

"Ki zo taron gobe da littafin. Don Allah kada ki tambaye ni komai, ba zan iya faɗi ina kallon idonki ba."

Washegari ta zauna a kujerar ƙarshe ta ja mayafi. Aka yi waƙoƙinsa, mutane suna bi suna share ido. Yayan marigayi ya hau dandali da ƙaton tabarau, ya matso hawayen da ko auduga ba za su jiƙa ba, har ya yi habaici kan masu cin amanar mamaci. Nan mai ganga ya ajiye sandunansa ya karɓi makirufo.

"Jama'a, ku tuna baitin ƙarshe na waƙar da aka sace: a kashe fanka, a miƙo min ruwa, maƙogwarona ya bushe. Kun ɗauka zafin soyayya ne, ko? To da ni yake magana. Marigayi ba ya rera baitin ƙarshe a gwaji, sai ya cike gurbin da duk abin da ke damunsa, don kada karin waƙar ya ɓace masa. Ni na kashe fankar, ni na miƙa ruwan. Wannan shirmen yana cikin na'urar situdiyo kaɗai, inda Anti ba ta taɓa sa ƙafa ba, kuma makulli ɗaya ne. Wanda ya sayar bai san waƙa ba, bai san ƙaninsa ba." Ya share fuska da hannun riga. "Tun ranar farko muka gane, mu huɗun nan. Muka yi shiru don kada a kore mu daga aiki."

Aka buɗe littafin a gaban kowa. Babu fanka, babu ruwa, baitin gaskiya addu'a ce ga matarsa da 'yarsa. Yayan marigayi ya fara in'ina, Inna ta miƙa hannu ta ce ya ba ta makullin, kuma kada ta sake ganin ƙafarsa a gidanta. Ya fita ta ƙofar baya mutane suna tofa masa albarkacin bakinsu.

Tsohuwar ta taka har kujerar ƙarshe riƙe da jikarta, ta nufi durƙusawa, matar marigayi ta yi sauri ta tare ta.

"Haba Inna, kada ki sa ni kunya."

"Kunya tawa ce, 'yar nan... ki yafe min."

Yarinyar ta daɗe tana kallon uwarta, sannan ta kama bakin mayafinta. "Umma, in ɗauko kayana na kwana nawa?"

"Ɗauko duka," ta ce.