Tauraro a Jikin Akwatin Kifi

"Zafi ne, Baba. Da kansa ya tsage," in ji Auta.

Baba ya kalli gilashin. Ya ajiye jakar kayan aikinsa, ya durƙusa gaban akwatin kifin, ya ɓare salatif ɗin da Auta ta manna jiya. Ta rage ruwan zuwa rabi don kada ya kai tsagar, kifaye biyar suna ta zagaye a ɗan abin da ya saura.

Shekara talatin da biyu Baba yana yankan gilashi. Wannan akwatin ma shi ya haɗa, ya kawo mata ranar da ta tare, bayan ya gaji da ce mata kada ta auri Injiniya. Tun daga nan duk Asabar da safe sai ya zo duba kifi. Kifaye ba su taɓa samun gata irin wannan ba, ita kuma ba ta taɓa nuna ta gane wanda ake dubawa ba.

"Auta, tsagar zafi daga gefe take tasowa, layi ɗaya. Wannan tauraro ne. Ga cibiyarsa." Ya sa farce a wani ɗan rami mai kusurwa uku. "Hancin dutsen guga."

"Faɗowa ya yi..."

"Ya faɗo a kwance, ya tsallake falo. Madalla." Ya nuna kujerar da ke jingine da akwatin. "Zauna."

Ta zauna. Ya auna da hannu. Yatsa biyu ne tsakanin kunnenta da cibiyar tauraron.

A lokacin Injiniya ya fito daga ɗaki yana ƙamshin turare, ya durƙusa har ƙasa ya gaida surukinsa. Mutum ne da ya iya gaisuwa. Ya kuma iya ban haƙuri. Jiya, a kan wuyan rigarsa da ta ƙona wajen guga, ya wurga mata dutsen gugar, amma kafin ruwan ya gama tsiyaya ya riga ya riƙe ƙafafunta yana kuka.

"Zuciyata, hannuna ne... ba ni ba ne."

Kuma ta yarda. Abin takaicin ke nan. Har yau in ya ce Zuciyata, sai ta yafe masa komai.

"Tashi, Auta," in ji Baba. "Kai, zo ka zauna nan."

"Lafiya, Baba?"

"Awo zan yi. Kai da ka yi karatu ai ka san awo."

Injiniya ya zauna yana murmushin da bai san inda zai ajiye shi ba. Baba ya ɗauki dutsen gugar daga kan tebur, ya ja da baya yana jinjina shi.

"Daga nan ka jefa, ko daga bakin ƙofa?"

"Baba, wallahi tsautsayi ne..."

"Ni ma tsautsayin zan gwada. Sai dai na tsufa, hannuna ba saiti. Idan na kuskure gilashin, ka yi haƙuri."

"Baba, don Allah!" Auta ta rataye a hannunsa. "Mijina ne... ina son shi."

"Na sani. Shi ya sa nake zuwa duba kifi."

Injiniya ya zabura. Duk ladabin nan ya zube a ƙasa kamar rigar aro. Ya shaƙe wuyan tsohon, ya ture Auta da gwiwar hannu har ta bugu da bango.

"A gidana? A gidana za ka zo ka yi mini shari'a?"

Baba ya sakar masa dutsen a kan yatsun ƙafa. Suka sarƙe, suka yi taga-taga, suka faɗa kan akwatin gaba ɗaya.

Ƙarar ta cika falon. Ruwa, tsakuwa, tarwatsattsen gilashi, kifaye suna tsalle a kan tayil. Ruwan da ya malalo wajen ƙafafun Auta ja ne.

Gilashi ya farke damtsen Baba. Ya kuma yanke tafin hannun Injiniya, na dama, wanda ya yi jifan. Ɗankwali ɗaya ne a kanta.

"Zuciyata... jini... duba hannuna..."

Baba ya juya ga kifayen. Ya durƙusa yana tsince kifaye da hannu ɗaya yana sakawa a kwanon ruwa, jininsa na ɗiga a kansu.

Ta kalli mijinta. Ta kalli idanun nan da ta yi wata takwas tana gaba da gidansu a kansu. Sai ta cire ɗankwalin, ta ɗaure damtsen Baba, ta ja ƙullin da haƙori.

"Ni fa?" Muryar Injiniya ta karye.

"Hannunka ne," ta ce, hawaye na zuba. "Ba kai ba ne."

Kifi uku suka rayu. A bokiti ta tafi da su gida.

Bayan mako biyu, da ɗinki tara a damtse, Baba ya yanka abin da ya tsira na gilashin ya haɗa mata ɗan ƙaramin akwati, ya ajiye a tsohon ɗakinta. Sannan ya miƙa mata wani abu daban. Cibiyar tauraron ce. Ya tsinto ta cikin tarkace, ya goge bakinta, ya manna ta da gam a kan ɗan katako.

"Me zan yi da wannan?"

"Ki riƙa ɗora wayarki a kai."

Bai kai tsakar gida ba wayar ta soma rawa a kan katakon. Sunan da ta sa masa tun suna saurayi da budurwa yana nan, ba ta iya gogewa ba. Rabin Raina.

Ta kai hannu, ta ɗaga wayar. Ramin mai kusurwa uku yana ƙarƙashinta.

Ta ajiye ta a gefe, ta sa yatsa biyu a kunnenta, ta yi kuka har kiran ya katse.