Ƙofar Dama ta Motar Rune

Da ɓarna Majken ta shigo rayuwar Sixten. Ranar baje kolin kulob ɗinmu ce a zauren wasanni na garinmu Arvika, tebura cike da ƙananan motocin roba da ba su wuce taƙi ɗaya ba, duk kwaikwayon tsofaffin motocin Amurka masu ruri. Doka ɗaya ce a wurin, ko yaro ya san ta: ido ya kalla, hannu ya zauna a aljihu. To, Majken 'yar alƙalin gasar ce da kanta ta sunkuya kan wata jar Mustang, bakin gyalenta ya taɓa madubin gefe, ya ɓalle ya faɗi kamar ƙwayar shinkafa.

Mai motar, Sixten, ya ɗago. Dogon saurayi ne baƙo daga arewa, yatsunsa duk busasshen gam.

"Na shiga uku," Majken ta ce a hankali. "Wata nawa ka yi kana haɗa ta?"

"Ba ki so ki sani ba."

"Ka zage ni mana, in ji sanyi."

"Riƙe min hantsakin nan tukuna, 'Yar Ɓarna. Zagin ya jira."

Ta riƙe, ya ɗiga gam, kawunansu suka kusa haɗuwa. Mu da muke teburin kofi muka kalli juna, don mun san an gama.

Da yamma saƙonta ya shigo wayarsa: "Mai Gam, madubin yana nan da rai?"

Ya mayar: "Yana nan. Ni ne dai wani abu ya ɓalle min a ƙirji, kuma ban da gam ɗinsa."

"Allah Ya sawwaƙe. Gobe zan kawo burodin kirfa in duba ka."

Haka suka ɗinke. A gidan kula da tsofaffi Sixten yake aiki, keke yake hawa. In ya tashi sai Majken ta zo ta zauna gefensa, yana goge jikin mota tana ba shi labari, wani lokaci ta hura masa ƙura da gangan don ta ga ya ɓata rai. Abu ɗaya ne ba ta taɓa buɗe masa ba. Ta ce mahaifiyarta Yvonne ta rasu tana ƙarama, daga nan ta ja bakinta ta yi shiru. A garin nan kowa ya san yadda aka yi, kuma ba mai faɗa.

Sai maganar Rune, mahaifinta, alƙalin gasar. Allah Ya yi wa mutumin nan ido, Ya kuma yi masa baki, ban san wanne ya fi kaifi ba. Da 'yar tocila da madubin likitan haƙori yake leƙa ƙarƙashin motocin mutane, ya sa dattawa sun koma gida da kuka a zuci. A ɗakinsa akwai wani kwalin motar roba ta haɗawa, ƙirar Dodge Charger, da ko ledarsa ba a farke ba. Yvonne ce ta saya masa, don ya haɗa irin tasa ta gaske da yake ja a lokacin. Ko Majken ba ta isa ta share ƙurar kwalin ba.

Ranar da ta kawo Sixten cin abinci, Rune bai ko miƙa masa hannu ba.

"Kai ne mai wanke tsofaffi?"

"Ni ne, Rune."

"Da keke za ka ɗauki 'yata? A kwando za ka sa ta ko a baya?"

"Baba," in ji Majken.

Rune bai kula ta ba. "Na ga Mustang ɗinka. Sheƙi kawai, kamar alewa. Kowane jaki zai iya goge roba ta yi ƙyalli. Gwani shi ne wanda zai sa roba ta zama ƙarfen da ya sha wuya, tsatsa da lotsewa, har mutum ya ji tausayinsa. Kai ba ka taɓa shan wuya ba, shi ya sa hannunka ba ya faɗin komai." Ya tura masa kwanon dankali. "Ci. Ba za ka sake ci a gidan nan ba."

A hanya Majken ta yi ta kuka. Ta ce, "Mai Gam, kai zan aura, wannan babu fashi. Amma shi kaɗai ya rage min. Ba zan iya tsayawa a coci kujerarsa babu kowa ba."

"Zai zo," Sixten ya ce. "Ki ba ni lokacin sanyin nan."

Dabara ce ta faɗo masa: ya haɗa wa Rune tsohuwar Charger ɗinsa, yadda take sak. Masu wannan sana'a ba sa ƙago komai da ka. Hoto suke nema, su kwafe shi har ɗigon mai, kuma wanda ya fi bin hoto shi ne gwani. Sai ya shiga neman hoton motar a ɓoye, ƙaddara ta kai shi garejin Jerry.

Jerry ɗan mai janwe ne, motar jan motocin da suka lalace, ya gaji garejin ubansa da wata koriyar Pontiac ta gaske. Ya daɗe yana zagaya Majken tana yi masa kallon bango. Da ya ji abin da ke tafe da Sixten, sai ya washe baki kamar gonar auduga.

"Ka zo inda ya dace, ɗan'uwa. Ga su nan a akwatin tsohona." Ya zaro hotuna. Baƙar Charger ce, ƙofar dama ta lotse ciki, gilashinta ya tsattsage. "Ka ga wannan? Turken shingen gona Rune ya daka ranar wani biki, yana tashen samartaka. Har gobe da shi yake alfahari. In ka fitar masa da lotsewar nan, ka gama da shi."

Sixten ya yi godiya har da riƙe masa hannu biyu. Kaico, baƙo ko da ido makaho ne.

Duk sanyin nan bai huta ba. Ya gasa ƙofar a bakin kyandir ya danna ta kaɗan-kaɗan, ya lalata ƙofofi da yawa kafin ya samu wadda ta yi daidai. Ya tsaga gilashin da bakin allura. Har wani ɗan farin gicciye na alli da ya gani a jikin ƙofar cikin hoton, sai da ya zana shi da gashin buroshi ɗaya.

Majken ta rubuto: "Ka ɓoye min fuskarka, Mai Gam. Ko ka samu wata mai taya huɗu?"

"Na samu. Amma saboda ke nake zawarcinta. Ki sa rigar nan mai ruwan toka ranar taro."

Ranar taron kulob, ana tsakiyar shan kofi, Sixten ya ajiye motar a lulluɓe a gaban Rune ya yaye ƙyallen.

Kowa a zauren ya gane ta. A gefen wannan ƙofar Yvonne take zaune ranar da motar ta ƙwace wa Rune a kan ƙanƙara. Shi ya fito ko ƙwarzane babu, ita ba ta kai asibiti ba.

Sixten yana ta murmushi, shi kaɗai. "Na bi shawararka, Rune. Ƙarfen da ya sha wuya."

Rune ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗauke ta da hannu biyu, ya ajiye a ƙasa, ya ɗora takalminsa ya murje. Ƙarar ba ta fi ta ɓawon ƙwai ba. Ya sunkuya ya tsinci wani abu, ya fice.

Majken ta tsaya gaban Sixten. "Don ya zage ka, shi ne ka tono uwata ka kawo masa a faranti?"

"Uwarki? Majken, me..."

"Kada ka ƙara kiran sunana." Ta zare zoben alkawari ta jefa cikin tarkacen. Jerry kuwa yana can baya yana tauna burodi.

Wani dattijo ne ya ja Sixten gefe ya gaya masa. Yaron ya zauna a ƙasa yana tsintar roba. Ya aika mata: "Wallahi ban sani ba. Ki ba ni dama in yi bayani." Ba ta buɗe ba. Ya sake aikawa, ya tarar ta rufe layinsa. Mutane suka daina gaishe shi a kanti, wata ma ta nemi a daina barinsa kusa da mahaifiyarta a gidan tsofaffi.

Amma mai hali ba ya barin halinsa. Abin da Rune ya tsinta ƙofar ce, kuma idon alƙali bai bar shi ya jefar ba. Wata safiya ya kira Majken, ya sa ƙofar ƙarƙashin gilashin ƙara girma.

"Me kika gani?"

"Baba, don Allah."

"Gicciyen alli. Uban Jerry ne yake yi wa motar da za a kai wa masu narka ƙarfe. Ni ban taɓa ganinsa a jikinta ba, bayan na bar ta a garejinsu aka yi shi. Yaron nan ba ya ƙago komai, kwafa yake yi kamar aku. Wani ne ya ba shi hoto, kuma gida ɗaya ne ke da shi."

Majken ta samu Jerry yana wanke Pontiac. Ko musu bai yi ba.

"Wasa ne fa. Laifina ne da saurayinki bai san tambaya ba? Shigo in kai ki gida, sanyi ake yi."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta tofa yawu a kan bonet ɗin da yake gogewa, ta juya.

Ta tarar da Sixten ya ɗaure fenti da buroshinsa a kwali, zai koma arewa. Ya rame har wuyansa ya fito.

"Mai Gam."

"Kin hana ni kiran sunanki."

"Na yanke maka hukunci ban ji ta bakinka ba. Ni 'yar ubana ce, abin da na gada ke nan." Hawaye ya zubo mata. "Na sake yi maka ɓarna, kuma wannan ta fi madubi."

Ya ture kwalin gefe. Sannan ya laluba aljihu ya fito da zoben. "A cikin tarkacen na tsince shi. Ya ɗan karce."

"Bar shi da karcensa."

"Miƙo hannun, 'Yar Ɓarna."

Rune bai ba da haƙuri ba, kuma wanda ya san shi bai sa rai ba. Da suka haɗu, cewa ya yi, "Aikin ya yi kyau. Da bai yi kyau ba, da ban taka shi ba."

Da bazara aka ɗaura auren. Tsofaffin motoci suka yi jerin gwano daga coci suna ruri, ban da koriyar Pontiac. Amarya dai a bayan keke ta tafi, ta ce ita ta zaɓa. Kujerar Rune ba ta zauna babu kowa ba, ko da yake fuskar nan tasa kamar an aiko masa da sammaci.

Ana cikin cin abinci ya miƙe da kwalin Yvonne a hannu. 'Yan kulob suka ajiye cokula. Ya sa farce ya farke ledar da ya hana kowa taɓawa tun Majken tana 'yar mitsitsiya, ya tura kwalin gaban ango.

"Kujerun baƙaƙe ne, ba ja ba, ka yi kuskure a waccan. Kuma ka rage gam."

"To, Rune."

Tsohon ya tsaya kamar zai zauna, bai zauna ba.

"Wannan karon ka bar mata ƙofarta lafiya."

Majken ta kifa kanta a kafaɗar mijinta, ɗaya hannun ta kamo na ubanta, shi kuma bai janye ba. Allah Ya bar su tare, Ya ba su zuriya mai albarka, Ya raba su da masu washe baki irin na Jerry.