Tsani da Auren Takarda

Mai karatu, an taɓa ɗora maka hukuncin da in ka ce e ka rasa, in ka ce a'a ma ka rasa? In ba a taɓa ba, gyara zama ka ji abin da ya sami Auta.

Ranar da abin ya fara, ta taso daga kantin maganin da take aiki, ta tsaya a shagon mahaifinta da ke manne da gidansu tana goge wata riga. Baba na bayan labule a kan keken ɗinki, ƙarar keken na tashi kamar ruwan sama a kan kwano. Wayarta na jingine da gwangwanin maɓallai, tana maimaita bidiyo guda: wani dogon saurayi ya daka tsalle ya danna ƙwallo cikin kwando, jama'a na ihu da wani yare.

Tsani ke nan. 'Yan unguwa ne suka laƙaba masa sunan, don shi ake kira duk gidan da ƙwan fitila ya mutu. Tsawon nan ma shi ya haɗa su. Babu kantin da ke da wando daidai da shi, duk wanda ya saya sai ya tsaya masa a ƙwauri, dole ya riƙa zuwa wurin Baba. Tun Auta na miƙo alli kanta a sunkuye, har aka kai ga gaisuwa, har zukata suka ƙulla abin da suka ƙulla. Yanzu yana ƙasar waje yana buga wa wani babban kulob ƙwallon kwando, hotonsa har a jikin motocin haya na can. Da danginsa suka zo da maganar aure, Baba bai hana ba, bai kuma bayar ba.

"Ni tela ne," ya ce. "Ba na sa almakashi sai na gama awo. Yaron nan na san tsawonsa, zurfinsa ne ban sani ba tukuna."

"Salamu alaikum! Amaryarmu, ana ta fama?"

Yaya Babba ne, wan Tsani, yana kaɗa makullin motar da ƙanin nasa ya saya masa. Auta ta kife wayar da sauri, ta russuna ta gaishe shi. Ya zauna a benci, ya leƙa labule, ya rage murya.

"Ƙanwata, ke mai ilimi ce, ba sai na yi ta kewaye-kewaye ba. Kin lura kwanan nan mutuminki ya fi zaman benci fiye da wasa?"

Ta lura mana. Har ta ƙirƙiro masa ciwon gwiwa a ranta.

"Lafiyarsa ƙalau. Doka ce ta gasar. Baƙi biyu kawai aka yarda kowane kulob ya sa a fili lokaci guda, su kuwa sun tara baƙi, har da sabon da suka sayo. Ƙarshen watan nan za a rufe rajista, kuma dole a sallami ɗaya. Amma dillalinsa ya samo mafita. In ya sami fasfon ƙasar, ya tashi daga baƙo, babu mai taɓa shi."

"To, ai sai ya nema."

"Hanya ɗaya ce mai sauri. Akwai wata 'yar ƙasar da ta yarda. Za su je ofis su sa hannu a matsayin miji da mata, a ɗauki hotuna, shi ke nan! Aure ne na takarda, ko hannunta ba zai riƙe ba. Bayan 'yan shekaru a warware, ki shiga ɗakinki."

Auta ta ji ƙauri. Ta ɗaga dutsen guga da sauri, saura ƙiris rigar mutane ta ƙone.

"Shi... shi ya ce yana so?"

"Cewa ya yi sai abin da Auta ta ce. Kin ga ke ce alƙali." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Kin dai san hawan jinin Ummanmu, a kantinku ake sayen maganin. Kin san ƙanne na makaranta. Gida guda ne ke tsaye a kan ƙafafun yaron nan. In ya faɗi, duniya za ta san wanda ya janye tsanin."

Sai da ya fita sannan Auta ta lura keken ɗinkin ya daɗe da yin shiru.

Baba ya yaye labule, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa ma abin ya fi ba ta tsoro.

"Na ji komai. Ba zan sa miki magana a baki ba, Auta. Amma ki sani, ranar da ya rantse a gaban hukuma a kan ƙarya, ƙafarsa ta gama taka shagon nan. Wanda ya iya ƙaryar aure a can, zai iya ta a nan."

"Baba, don Allah..."

"Na gama."

Gaba kura, baya sayaki. In ta yarda, Baba ya yanke igiyar. In ta ƙi, dangin miji sun samu wadda za su tsine wa tun kafin ta shiga gidan. Abinci ya daina wuce mata. A kanti har ta miƙa wa mai ciwon kai maganin tari, sai da abokiyar aikinta ta taka mata ƙafa.

Da safe ta kira shi ta bidiyo. Yana zaune a wani ɗaki mai farin bango, ya lulluɓa da bargo, idanunsa sun faɗa.

"Auta ta..."

"Kada ka ce min Auta ta! Me ya sa ka rataya min wannan abu a wuya?"

"Sori. Wallahi kaina ne ya ɗau zafi. Yaya na kira, dillali na kira, Umma na kuka. Na rasa inda zan ɓuya sai bayanki."

"Duk tsawon nan naka, a bayana za ka ɓuya?" Hawaye ya zubo mata, dariya kuma na neman ƙwacewa. Ta share ido. "Ka ji tawa. Ni ban yarda ba, ba kuma don kishi ba. In kulob ya kore ka, zan jira ka ko da ɗan dako ka dawo. Amma ba zan zauna ina jiran mijin wata ba, ko na takarda ne ko na kwali. Wannan ra'ayina ne. Hannun da zai riƙe biro naka ne, ka daina cewa sai abin da Auta ta ce."

Ya sunkuyar da kai. Ya buɗe baki zai yi magana, hoton ya daskare, layi ya katse. Ta sake kira, ba ta shiga ba. Ta kuma kira, a kashe.

Haka kwanaki suka yi ta ja babu ko saƙo. Duk ƙarar waya sai ta zabura ta duba. Fushi ya yi? Ko ya riga ya je ofis ɗin, kunya ta hana shi kira? Har mafarkin hoton take yi, shi da wata mata marar fuska suna murmushi.

Ranar wasan kulob ɗin su Tsani ta sayi data, ta shige bayan teburin kantin magani. Aka nuno 'yan wasa a fili, babu shi. Aka nuno benci, ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Babu shi.

Ba ta gama haɗiye wannan ba sai ga Umma, mahaifiyar Tsani, a ƙofar kantin, Yaya Babba na biye da ita.

"To, 'yar nan, hankalinki ya kwanta?" in ji Umma. "Ya ƙi sa hannu. Sun sallame shi, dillalin ma ya yar da shi. Ɗana yana can ƙasar mutane da jaka a hannu! Me muka yi miki?"

"Tun ba ta shigo ba ta rushe gida," in ji Yaya Babba. "Ina ga ta shigo?"

Masu sayen magani suka zuba ido. Auta ta durƙusa a gaban Umma. Zuciyarta ta kasu biyu: rabi na kukan halin da yake ciki, rabi na ta nanata *ya ƙi, ya ƙi, ya ƙi.*

Sai da yamma saƙonsa ya shigo, gajere: "Da bakina na ce a'a, ban ambaci sunanki ba. Na kashe waya ne don in ji muryar kaina. Yi min addu'a."

Daga baya ya samu wani ƙaramin kulob a wani gari da ko a taswira sai an ƙura ido. Babu jirgi, sai doguwar tafiya a bas, gwiwoyinsa na dukan kujerar gaba. Abin da yake turowa gida ya ragu sosai, har motar Yaya Babba ta koma zaman inuwa. A unguwa kuwa, ko'ina Auta ta gifta sai ta ji ana ƙus-ƙus. Duk da haka, kowane mako sai ta ɗauki na'urar awon jini ta nufi gidan Umma. Karon farko, ko amsa sallamarta ba a yi ba. Ta koma. Umma ta miƙo hannu, fuska na kallon bango. Ta sake komawa. Wata rana tana naɗe na'urar sai ta ji an ce, can ƙasa-ƙasa, "Kin rame. Kina cin abinci kuwa?"

Akwai abin da dillali bai lissafa ba. A babban kulob, Tsani ɗan jiran gurbi ne. A ƙaramin, shi kaɗai ne baƙo, koci ba ya cire shi sai in numfashi ya ƙare masa. Ƙafar da ta yi sanyi a benci ta warware. Suka fara cin wasa, suka yi ta ci, har aka wayi gari sun kai wasan ƙarshe na kofin ƙasar, kuma da tsohon kulob ɗinsa za su kara.

Bayan la'asar aka fara. A shagon Baba, Auta ta jingine waya da gwangwanin maɓallai. Umma da kanta ta aiko a zo a ɗauke ta, ta zauna a benci tana jan carbi, Yaya Babba ya raɓe a bakin ƙofa kamar wanda ya zo wucewa. Baba na bayan labule.

"Ni ba na kallon manya suna guje-guje da gajeren wando," ya ce, ya ci gaba da taka keke.

Wasa ya yi zafi, a ci nan, a rama can. Lokaci ya zo ƙarshe, ana gabansu da maki ɗaya, ƙwallo ta faɗo hannun Tsani. Mutum biyu suka rufe shi. Ya juya, ya tashi sama, ya saki...

Hoton ya tsaya cak, ƙwallo na rataye a iska, 'yar da'ira na ta juyawa a tsakiyar waya.

"Innalillahi! Netwok!" Auta ta fizgi wayar ta ɗaga sama, ta girgiza, ta ruga bakin taga.

"Ke! Ta shiga ko ba ta shiga ba?"

Kowa ya waiwaya. Baba ne tsaye, ya yaye labule, tabarau a kan hanci, hannun riga a hannunsa.

Kafin wani ya yi magana hoton ya dawo. 'Yan wasa sun yi dami a kan Tsani, ƙafafunsa kawai ake gani, jama'a sun ɓarke cikin fili. Umma ta saki carbi ta rungume Auta tana kuka. "Yafe min, 'yata! Tsoro ne ya rufe min ido."

Yaya Babba ya daɗe yana kallon takalminsa. "Ni na san yaron nan zai yi abin kai," ya ce.

"Ka sani?" in ji Umma. "To, zo ka durƙusa ka faɗa wa ƙanwarka abin da ka sani."

Ya kuwa zo, yana sosa ƙeya.

Da kakar wasa ta ƙare, Tsani ya dawo hutu, manyan kulob na ta neman sa, a matsayinsa na baƙo, da fasfon da aka haife shi da shi. Ya sunkuya ya shigo shagon kamar yadda ya saba, ya durƙusa gaban Baba. Auta na maƙale a ƙofar cikin gida. Baba ya daɗe yana kallon sa. Can ya zare tef daga wuyansa, ya jawo kujera, ya hau kai.

"Tashi ka miƙe. Buɗe hannu."

"Baba, ai ina da wanduna..."

"Wa ya ce maka wando? Kayan ango ba a yin su da tsohon awo. Auta! Ina alli?"

Ta kawo allin kanta a sunkuye kamar ranar farko, sai dai yau hawaye ne ke ɗiga a kansa.

Ka ga, mai karatu, gajeriyar hanyar da aka shimfiɗa da ƙarya, ramin da ke ƙarshenta ya fi tsawonta. Haƙuri kuwa ɗaci gare shi a baki, zaƙinsa sai ya isa ciki. Kuma sau da yawa ba mugunta ce ke sa dangi su tura ɗansu ga halaka ba, tsoro ne da dogaro da kafaɗa ɗaya. Don haka ga roƙona: in kana da ɗan'uwa da ke fafutika a ƙasar mutane, ɗauki waya yau ka kira shi. Kada ka tambaye shi me zai turo. Tambaye shi yaya yake, ka kuma tsaya ka saurari amsar.