Batirin da Ya Kumbura

A wani gari can bakin fadama, an yi wata yarinya, Kyauta, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya. Aikinta korar tsuntsaye daga shinkafar kakarta da ɗan jirgi mara matuƙi.

Wata safiya ta ga tsohon batirin jirgin ya kumbura kamar ƙosai.

Kaka ta ce, "Ajiye shi, 'yar nan. Sabo na zuwa ranar kasuwa. Kafin nan ki kaɗa musu gwangwani."

Kyauta ta zauna, ta tashi. Tsuntsaye suka sauka, ta zauna, ta tashi.

"Sau ɗaya tak, Kaka!"

"Na ce ajiye shi."

Kaka na shiga ɗaki, Kyauta ta cusa batirin. Murfi ya ƙi rufuwa, ta ɗaure shi da roba. Jirgi ya tashi, tsuntsaye suka watse, ta daka tsalle. Sai ƙararsa ta sauya. Ya yi tangaɗi, ya faɗa ruwa tsundum.

Ranar kasuwa sabon batir ya iso, sai ƙyalli yake. Kaka ta miƙa mata. Kyauta ta juya shi, ta sake juyawa, babu inda za ta saka shi. Ta ajiye, ta ɗauki gwangwani, ta nufi gona.