A-kori-kurar da Aka Tayar da Ruwan Zafi

Da la'asar sakaliya Maikano ya kwashi sifanoninsa ya nufi rumfar bayan gida, inda a-kori-kurar mahaifinsa take ajiye tun rasuwar tsohon. Ba marmari ya kai shi ba. Matarsa Barakatu tun asuba take kan gwiwa, haihuwar fari, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. An ba ta rubutu, an ba ta jiƙo, shiru. Daga ƙarshe mahaifiyarsa Inna Kande, wadda ita ce ungozomar ƙauyen kaf, ta fito tana goge hannu a gefen zani ta ce masa, "Wannan ta fi ƙarfina. Ɗan a gicciye yake. In ba a kai ta asibitin Tudun Wada ba, biyu za a rasa."

To, da me za a kai ta? Ƙauyen nasu yana can lungun Doguwa, mota ba ta leƙo shi sai ranar kasuwa, kasuwa kuwa sai jibi. A shekarun nan, wajen 1988, babur ma na malamin gona ne kaɗai, kuma wane mara imani zai ɗora mai naƙuda a babur? Babu abin da ya rage sai wannan tsohuwar mota mai shan gas, wadda ta yi damina huɗu ba wanda ya murɗa mata makulli. Sa'ar da aka ci, Maikano ya yi yaron mota, ya kuma taɓa zaman gareji a Ƙiru, ya san cikin inji daidai gwargwado.

Ya yaye zanar da aka rufe bakin rumfar da ita. Warin fitsarin ɓera da na tsohon mai suka tare shi, ga danshi, don an sheƙa ruwa da rana garin ya yi sanyi. Samarin unguwa suka zo da famfon keke suka bi tayoyin suna gumi. Mai injin niƙa ya kawo jarkar gas. Malam Mudi ladan kuwa, Allah ya saka masa, batirin lasifikar masallaci ya kwanto ya ɗauko a kafaɗa, ya ce yau a ji kiran salla da maƙogwaro.

Maikano ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar don ya zubar da tsohon man da ke tanki. A nan ya ga abin da ya kamata ya tsayar da shi. Ko'ina a rumfar kashin ɓera ne da yanar gizo, amma ƙasan motar a share yake tas, har da sawun tsintsiya. A gefe guda ga 'yan duwatsu uku a jere kamar murhu, sun yi baƙi. Ya ji ƙanshin turaren wuta sama-sama. Ya ce a ransa wasan yara ne, ya sa gwiwar hannu ya ture duwatsun ya ci gaba da kwance noti.

Malam Mudi ya sunkuyo ya leƙa, ya ga duwatsun. "Maikano, ka yi wa masu wurin sallama kuwa? Abin da ya daɗe a ajiye ba a faɗa masa haka kawai."

"Malam, wa ke nan ban da ɓeraye? Miƙo min bokitin nan."

Kada ka ga laifinsa da yawa. Mutumin da ke jiyo nishin matarsa ta katanga ba ya jin wa'azi.

Tsohon man ya zubo da kauri, rabinsa ruwa. Ya zuba sabo. Ya cire filta ya wanke da kananzir. Ya zira hannu a bututun da inji ke shaƙar iska, ya tarar zanzaro ya gine shi da laka, ya sa sukundireba ya farfasa. Sannan ya sassauta notin kan filta ya shiga danna ɗan famfon hannu, kumfa na fita tana fis, fis, har mai ya zo zalla. Ya ɗaura batir ya murɗa makulli.

Kik ya ja. Injin ya juya da nauyi, gur, gur, gur, ya yi shiru.

Ya sassauta bututan nozul masu fesa wa inji mai, ya sake fitar da iska. Ya sake murɗawa. Salansa ta tofo farin hayaƙi, alamar mai yana isa, wuta ce ba ta kamawa. Ya taɓa hita, 'yan ƙarafan da ke ɗumama inji kafin ya tashi, ɗaya bayan ɗaya, duk sanyi ƙalau, sun mutu tun tuni. Batirin ma ya fara ja da baya, fitilar gaban sitiyari ta koma ja-ja. In ya ƙara ɓarnatar da shi, shi ke nan.

Rana ta faɗi. Samarin suka watse zuwa alwala, Malam Mudi ya tafi kiran salla. Daga cikin gida Barakatu ta saki wata ƙara da ba ta yi irinta ba tun safe, ta kuma yanke farat ɗaya. Tsoro ya kama Maikano, tsoro na gaske, har sifana ta suɓuce daga hannunsa.

Sai ya tuna dabarar direbobin gareji: in hita ta mutu, a ɗumama kan inji da tafasasshen ruwa. Ya ruga cikin gida. Ga tukunya a murhu tana ɓararraka, ruwan da Inna Kande ta ɗora don wankan jariri. Ya sa tsumma ya sunkuce ta.

Ko yarinyar da ba ta iya ɗaurin zani ba ta san ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai an yi bisimilla an ce a gafara, don akwai masu zama tare da mu da ba ma gani, kuma 'ya'yansu a ƙasa suke wasa. Balle da almuru. Maikano ya sani sarai. Bai ce komai ba. Ya tuntsura tukunyar gaba ɗaya a kan injin, ruwan ya gangara ƙarƙashin motar yana tururi.

Wani abu ya tsala ihu a ƙasa.

Siririyar murya ce, irin ta jinjiri. Sau ɗaya, ta ɗauke.

Ya durƙusa ya leƙa. Ba kowa, sai tururi da ƙaurin gashi. Can nesa muryar Malam Mudi na tashi da ƙyar, ba lasifika.

Ya ce ƙarfe ne ya yi ƙara. Ya shiga ya taɓa makulli. Bai gama murɗawa ba injin ya kama, rumfar ta cika da baƙin hayaƙi.

Aka shimfiɗa katifa a bayan motar aka kwantar da Barakatu, Inna Kande ta zauna kusa da ita da fitilar ƙwai. Gaba ba wurin zaman kowa, ɓeraye sun cinye ɗayar kujerar. Maikano ya ja suka fita, taɓo na fallatsa, har suka hau kwalta suka miƙi hanyar Tudun Wada.

Motar ta yi masa nauyi. Mata biyu ne a baya, amma tana nishi kamar an loda mata buhunan masara. Suna shiga dajin Falgore ya jiyo kukan jariri a bayansa, ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya gaji da kuka. Daɗi ya kama shi. Ya leƙo ta taga.

"Inna, ta sauka?"

"Ba tukuna. Tuƙa."

"To kukan wa nake ji?"



Injin ya yi tari. Ya sake yi. Maikano ya taka totur har ƙasa, motar ta yi ta raguwa, ta gangara gefen titi ta tsaya a gindin wata doka. Duhu ya riga ya rufa. Ba mota gaba, ba mota baya. Kwaɗi ma da suka cika dajin da kuka, ɗif suka yi.

Ya san ciwon: iska ce ta sake shiga layin mai. Ya ɗaga bonet, ya cije tocila a baki, ya sassauta noti ya fara danna famfo. Kumfa. Ya danna. Kumfa. Ya yi ta dannawa har babban yatsansa ya mutu, iskar ta ƙi ƙarewa. Kuma ba fis take yi ba yanzu. Fita take da ɗumi, a hankali, kamar numfashin mutum.

Ƙanshin turaren nan ya dawo.

Wani ya tsaya a bayan kafaɗarsa. Bai ji taku ba, zafin jiki kawai ya ji.

"Damina huɗu muna zaune a ƙarƙashin motar nan," in ji muryar mace, a hankali, dab da kunnensa. "Ko sallama."

Tocilar ta faɗi cikin inji ta mutu. Ya fara Ayatul Kursiyyu, harshensa ya sarƙe a tsakiya. Muryar ta ɗauka daga inda ya tsaya ta ƙarasa masa, tiryan-tiryan.

"Mu ma muna karantawa," ta ce. "Juyo ka ga bayan ɗana."

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Ban sani ba."

"Ka sani. Sauri kake."

Bai juya ba. Yana jin ɗan yana shessheƙa a gefen wuyansa, yana jin warin ƙuna.

"Kai kana da asibiti. Ni ina zan kai nawa?"

Zafin ya bar bayansa. Motar ta ɗan lotsa, kamar wani ya taka ya hau baya. Fitilar Inna Kande ta mutu.

Barakatu ta yi wani dogon nishi.

Sai kuka. Sabon kuka, mai ƙarfi, na ɗan da ya faɗo duniya yanzu. A ƙarƙashinsa ga wancan, na gajiya. Biyu, a tare.

Motar ta sake motsawa, an sauka.

"Danna famfonka," aka ce daga cikin duhu.

Ya danna. Mai ya feso masa a hannu, zalla.

Ciyawa ta fara motsi, ana kutsawa cikin daji. Kuka ɗaya yana tafiya tare da motsin. Maikano ya kasa kunne. Mai ƙarfin ne ke nisa.

Ya zabura ya tsallaka kwalbati, ya faɗa ciyawar da ta kai masa ƙirji. Kukan na gabansa, ba nisa, in ya yi gudu zai cim masa.

"Maikano." Muryar Inna Kande ce. "Jini take zubarwa. In ka shiga dajin nan, gawarta za ka dawo ka tarar."

Ya tsaya. Kukan na gaba, matarsa na baya. Wallahi da mutum yana rabuwa biyu da ya rabu a wurin.

Ya juyo. Ya ɗaure noti, ya rufe bonet, ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi, ta kuma yi sakayau kamar ba ta ɗauko komai ba. Yana tuƙi yana kuka har suka ga fitilun Tudun Wada.

Barakatu ta rayu. An ƙara mata jini, aka ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani labarin. Wata nas ta kwance zanin da aka naɗe jaririn, ta ɗago a fusace tana tambayar wanda ya ƙona yaro tun bai sha nono ba. Bayansa duk ya saɓule, daga kafaɗa har kwankwaso. Ta wanke ciwon ta sa magani tana ta faɗa.

A baranda Inna Kande ta zauna kusa da ɗanta, ba ta dube shi ba. Ta ce, "Hannun da ya juya ɗan nan a cikin uwarsa ba nawa ba ne. Ba don shi ba, da ba ta kai nan ba." Sannan ta ƙara, "Wanda aka bar maka a zani shi ne naka. Tashi ka yi masa huɗuba."

Ya tashi ya yi. Ran suna aka ce Sale.

Motar a bakin asibiti ya bar ta, daga baya ya bai wa wani mai gareji kyauta. Sale ya warke, ya tashi yaro mai haƙuri, mara yawan magana, da tabonsa a baya. Barakatu ba ta san komai ba, a sume take lokacin, aka ce mata injin mota ne ya taɓa shi a garin saukowa. Maikano bai taɓa ɗaga wa yaron hannu ba, yana sonsa har mutane na cewa zai lalata shi.

Sai dai duk ƙaramar salla riga biyu yake kai wa tela, yadi ɗaya, awo ɗaya. Ɗaya ta Sale. Ɗayar ya hau motar kasuwa da ita ya sauka a tsakiyar Falgore, direba na yi masa kallon mahaukaci. Ya yi sallama a gindin dokar nan, ya rataye ta a reshe, ya jira wata motar. Barakatu cewa take marayu yake kai wa.

Shekarar da Sale ya shiga makarantar allo, Maikano ya je rataye sabuwa ya tarar da ta bara a kan reshen, an wanke ta an ninke. Ya warware ta. Gwiwar hannun ta cinye, aljihun ya yage an ɗinke shi da wani irin zare da bai taɓa gani ba, an kuma saki kalmasar ƙasa don ta ƙara tsawo.

Ya daɗe a tsugune da rigar a fuskarsa. Da ya koma gida ya wuce wurin tela ya ce masa daga bana ɗayar a ƙara mata tsawo, mai ita ya fi Sale girma.