Layin da Ta Goge

Akwai wata yarinya a unguwar Withington, cikin Manchester. Ta iya kwamfuta, kuma ta san ta iya. Nan matsalar take.

Maƙwabciyarsu, Anti Chloe, 'yar ɗarikar Kiristoci ta Kweka ce. 'Yan Kweka suna kiran junansu Abokai. Idan sun taru ibada, zama suke yi shiru, ba waƙa, ba wa'azi.

Wata rana Anti Chloe ta ce, "Baƙi ba sa zuwa wurinmu. Ki taya ni gyara shafinmu na intanet mana."

Mama ta yarda. Yarinya ta buɗe shafin. Layin farko cewa ya yi: "Idan ka shigo, za ka same mu shiru. Sai an tashi za mu gaisa."

"Haba!" in ji yarinya. "Ai wannan korar baƙi ce!"

Ko tambaya ba ta yi ba. Ta goge layin. Ta rubuta: "Shigo kawai, za mu tarbe ka da murna!"

Ranar Lahadi ta je ɗaukar hoton ginin da suke ibada. Sai ga wata mata ta sauko daga bas, ta ci ado, tana murmushi. An riga an fara zama. Matar ta tura ƙofa, ta ɗaga murya ta gaida kowa da Turanci.

Shiru.

Ta sake gaisuwa. Wani dattijo ya buɗe ido, ya nuna mata kujera, ya sake rufewa.

Matar ta fito tana hawaye. "Wane irin wulaƙanci ne wannan?" ta faɗa da Hausa.

Yarinya ta zabura. "Anti, sannu. Me ya faru?"

Sunanta Hana. Nas ce, 'yar Kaduna. Kwanan nan ta taso daga unguwar Perry Barr a wani gari, ta kama hayar ɗaki a saman gidan burodi. Ba ta san kowa ba a Manchester.

"Na ga an rubuta za a tarbe ni," in ji ta. "Ko kallon kirki ban samu ba. Ni da nan har abada!"

Yarinya ta koma gida ranta a ɓace.

"Mama, wai Abokai! Mutum ya gaishe ka, ka yi masa banza? Wallahi ba su da kirki!"

"To, ba su faɗa wa baƙi cewa shiru suke yi ba?" in ji Mama.

Yarinya ta sunkuyar da kai. "Sun faɗa. Ni na goge."

"Ke kika goge? Da izinin wa?" Mama ta miƙe tsaye. "Kin kunyata baiwar Allah, kin ɓata wa mutane suna, sannan kin zo kina kumfar baki? Ɗauko mayafinki!"

Suka je wurin Anti Chloe. Ita ma ba ta ji daɗi ba ko kaɗan.

"Wannan layin shi ne marabarmu," in ji ta. "Baƙon da ya san abin da zai tarar ba ya jin kunya."

Yarinya ta ba da haƙuri. Ta mayar da layin. Da izinin Anti Chloe ta ƙara wani: "Akwai mai jiranka a bakin ƙofa."

Daga nan suka hau saman gidan burodi.

"Anti Hana, laifina ne," in ji yarinya. "Ba su ƙi ki ba. Ibada suke yi."

Hana ta ce, "To, zan sake gwadawa."

Da Lahadi ta zagayo, Anti Chloe ce ta tarbe ta a ƙofa. Hana ta zauna shiru tare da su. Da aka tashi, dattijon nan ne ya fara miƙa mata hannu. Har shayi ya huce ana ta hira da ita.

Tun daga ranar yarinya ta gane: kada ka taɓa aikin mutane sai ka tambaya. Kuma idan kana son baƙo ya saki jiki, faɗa masa gaskiya tun kafin ya shigo.